Shuɗin Wudil, Koren Lajawa

Tun da motar mutanen Lajawa ta tsaya a ƙofar gida Juwairiyya ta san an samu matsala. Ita ce babbar yayar amarya, ita ta ɗauki bikin nan a kanta tun daga ranar da aka sa rana, don haka ita ta fita tarbar dangin mahaifiyarsu. Mata suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta sha sabuwar atamfa, ɗinki ya zauna, ɗauri ya tashi. Zanen na anko ne babu tantama, manyan ganyaye da ɗigo-ɗigo a tsakani. Sai dai tasu koriya ce shar. Wadda ke jikin Juwairiyya kuwa, da jikin duk matan da suka cika tsakar gida tun hantsi, shuɗiya ce.

Wanda bai san biki ba zai ce ai launi ne kawai, mene ne a ciki. To ya je ya tambayi mata. Anko shi ke nuna wace ce 'yar gida, wace ce ta zo cin shinkafa. Ranar yini idan dangin ango suka shigo, ba sa tambayar kowa asalinta, zanen jikinta suke dubawa.

Ta ƙarshe da ta sauko ita ce Inna Hansai, ƙanwar mahaifiyarsu. Lokacin da mahaifiyar ta rasu Sakina, amaryar yau, ko yaye ba a yi mata ba. Inna Hansai ce ta goya ta ta tafi da ita Lajawa, ta raine ta da kunu da nonon shanu, har ta isa shiga sakandare mahaifinsu ya dawo da ita Wudil. Tun daga lokacin akwai wani ɗan tsoro da ke kwance a ran Inna Hansai, cewa gari zai cinye mata 'ya, wata rana yarinyar ta ji kunyar a gan ta da su. Ba ta taɓa faɗa ba, amma Juwairiyya ta sha ganinsa a idonta. Kuma yau ita aka ajiye wa babban aiki: ita za ta lulluɓe amarya, ta kama hannunta, ta kai ta ɗakin miji ta danƙa amana. Sakina ta ce ba wadda za ta yi mata wannan sai Inna.

Suka shiga da sallama, ɗauke da ƙwaryar man shanu da daddawa da buhun gero. Hayaniyar tsakar gida ta ɗan lafa. Wata budurwa a gindin rijiya ta yi 'yar dariya ta rufe baki. Sai Gwaggo Turai, yayar mahaifinsu, mace mai kirki wadda Allah bai sa wa bakinta birki ba, ta taso da fara'arta.

"Maraba da mutanen Lajawa. A'a, Hansai, ku kuma naku ankon daban kuka fitar?"

Inna Hansai ta tsaya cak. Ta dubi jikinta, ta dubi tsakar gida daga wannan bango zuwa wancan. Ta miƙa hannu surukarta ta ɗora mata waya, ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Wannan aka turo mana. Da shi muka shiga kasuwar Juma'a, da shi mai atamfa ya zaro mana."

Juwairiyya ta matso ta leƙa. Hoton atamfa ne shimfiɗe a kan gado, koriya, kuma daga lambarta ya fito. Ta tuna sarai ranar da ta ɗauka, domin Inna Hansai ce ta ce kada a wahalar da kai da aiko musu, a turo hoto kawai su saya da kansu. Matan gari duk a hannunta suka karɓi nasu, ba wadda ta buƙaci hoto. Amma shuɗiya ta shimfiɗa, wallahi shuɗiya, ta ina ta zama koriya?

"Inna, ban san yadda aka yi ba," ta ce.

"Ni na sani," in ji Inna Hansai. Muryarta ba ta tashi ba, shi ya sa ma kowa ya ji ta. "An ware mu ne, don idan surukai sun zo su gane na ƙauye su gane na birni. Turai, tun ranar da kuka ɗauke yarinyar nan kike neman yadda za ki raba ta da mu. Yau kin samu. Mu yi la'asar mu kama hanya, ke ki kai 'yarki."

Gwaggo Turai ta juya. Ta koma kujerarta ta zauna, idonta ya cika. Matan Lajawa suka ja tabarma can ƙarƙashin darbejiya suka zauna tsam, kore a gefe guda, shuɗi a gefe guda. Aka kai musu waina da miyar taushe, ko murfin kwanon ba su ɗaga ba.

A ɗaki Sakina ta riga ta ji komai. Kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi mata ta fara gangarowa kumatu. Ta riƙe hannun yayarta da hannuwanta masu lalle.

"Yaya, idan Inna ba ta kai ni ba, ba inda za ni. A gaya wa kowa."

Juwairiyya ta fito. Ta san halin Inna Hansai, idan ta ce za ta tafi to ko gadar Wudil ce ta karye sai ta nemi kwalekwale. Ga inuwa ta fara miƙewa, ladan bai da nisa da kiran la'asar. Tana tsaye a bakin madafa ba ta san ta yi gabas ko yamma ba, sai ta ji an taɓa kafaɗarta.

Radiyya ce, mai ɗaukar hoto. Duk Wudil an san ta a gidajen biki, domin inda maza masu kyamara suke tsayawa a zaure ita ciki take shigewa. A jami'ar garin ta yi karatu, ta gama ta buɗe ɗan shagonta kusa da gada. Ba ta da yawan magana, kuma tana da wani hali da Juwairiyya ke so: ba ta mayar da baƙar mace fara kamar yadda wasu ke yi har uwa ta kasa gane 'yarta a hoto. Idan ta gyara hoto, ke ce dai, amma ke a ranar da kika fi kyau. Tun safe take zagaya gidan da kyamara a wuya, ba wanda ya ji motsinta.

"Anti Juwairiyya, hoton yana nan a wayarki? Mu gani."

Ta karɓa ta buɗa shi da yatsu biyu. Ba atamfar ta duba ba ma, gefe ta duba.

"A kan me kika shimfiɗa ta?"

"Zanen gadona."

"Wane launi ne?"

"Fari ne tas."

"To duba shi nan."

Juwairiyya ta duba. Zanen gadon ya yi kamar an tsoma shi a ruwan shayi. Ɗan yatsanta da ya leƙo a gefe ya yi jawur kamar ta taɓa manja.

"Kin ɗora masa filta," in ji Radiyya. "Mu a wajen aiki firiset muke cewa. Kamar haɗaɗɗen yaji ne, wani ya riga ya auna komai ya daka, ke sai dai ki barbaɗa. Wannan naki rawaya yake zubawa a kan komai don fata ta yi ɗumi. Fata kam tana kyau. Amma ki zuba rawaya a kan irin wannan shuɗin, kore zai ba ki."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Juwairiyya. Akwai wani ɗan akwati a manhajar hotonta da take dannawa duk hoton da ta ɗauka, na kanta, na yaranta, har na tukunyar dambu. Yatsanta ya saba, shi ke zuwa da kansa ba tare da ya yi shawara da ita ba. Ta danna ta tura, atamfar tana gabanta, me zai sa ta koma duba hoto? Kunya da murna suka taso mata tare. Ta fizgi wayar za ta nufi darbejiya.

Radiyya ta riƙe mata mayafi. "Ina za ki?"

"In gaya mata mana."

"Yanzu duk abin da ya fito daga bakinki, kare kai za ta ji. In kuma kika yi sa'a kika gamsar da ita a gaban jama'a, kin kunyata ta sau biyu ke nan. Ɗazu fushi zai kore ta, yanzu kunya ta kore ta. Ki bar ta ta gani da hannunta."

Juwairiyya ta tsaya tana kallonta. Yarinyar nan ba ta kai ta shekaru ba, amma ta karanci Inna Hansai a zama ɗaya fiye da yadda ita ta karance ta tun tana goye.

Radiyya ta ɗaga kyamara ta ɗauki ɓangaren masu shuɗi, Gwaggo Turai a tsakiya ta yi tagumi. Ta juya ta ɗauki 'yan ƙarƙashin darbejiya. Ta tura hotunan cikin wata 'yar kwamfuta mai faɗin faranti, irin wadda ake taɓawa da yatsa, ta ce wa Juwairiyya ta biyo ta amma ta ja bakinta ta yi shiru.

A bakin tabarma ta cire takalmi ta durƙusa. Ta gaida Inna Hansai gaisuwa ta gaske, ba irin ta 'yan zamani da ake yi a tsaye ana duba waya ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi mutan gida, ta tambayi yadda aka ga damina da ko gero ya yi ido bana. Inna Hansai tana amsawa a daƙile, amma dai tana amsawa, don ba a yi wa gaisuwa fushi.

"Inna, ni ba roƙo na zo ba, wannan ba hurumina ba ne. Aikina ne ya tsaya. Duk bikin da na ɗauka, uwar amarya ce ke zaɓa min launin da za a wanke hotuna da shi. Kafin ku tafi ki taimaka ki zaɓa."

Wannan gaskiya ne, haka take yi a kowane gida, Juwairiyya ta sani.

"Uwar amarya tana can cikin masu shuɗi," in ji Inna Hansai.

"Da safe na tambayi amarya wa zan kai wa. Ta ce in jira motar Lajawa."

Inna Hansai ta kau da kai ta dubi bango. Radiyya ta matso ta ɗora mata kwamfutar a cinya, ta gyara zama yadda bayanta zai kare sauran mata, ba mai ganin abin da ke ciki sai su biyu da Juwairiyya da ke tsugune a gefe. Hoton masu shuɗi ne ya cika fuskar, a ƙasansa ga wasu ƙananan akwatuna a jere.

"Ki taɓa kowanne, Inna. Ba ya lalacewa."

Yatsan Inna Hansai, wanda fartanya da taɓarya suka taurara, ya yi ta shawagi a sama kafin ya sauka a kan na farko. Nan take launi ya zube daga hoton, ya koma baƙi da fari.

"Irin na da," ta ce, ba ta san ma ta faɗa ba.

Ta taɓa na biyu. Tsakar gidan ya yi sanyi, ya yi fes, kamar an ɗauke ruwan sama yanzu-yanzu. Ta taɓa wani, sai komai ya yi laushi, har tsohon bangon da fenti ya ɓare ya zama abin kallo. Juwairiyya da ke dannawa kullum ba ta taɓa tsayawa ta ga abin da take yi ba sai yau. Gida ɗaya, mutane ɗaya, amma kowane akwati da irin ranar da yake fitowa da ita. Radiyya ce ta haɗa yawancinsu da kanta, daga hasken da take gani a bakin kogi da kasuwa da gonakin rani, shi ya sa ko ba a sa sunanta ba ake gane hotonta.

Yatsan ya sauka a kan na gaba. Hoton ya yi ɗumi kamar yamma ta yi, fuskoki suka yi jajir, sannan Gwaggo Turai da duk matan da ke kewaye da ita suka koma kore shar.

Inna Hansai ta ɗago kai ta hango Gwaggo Turai a kujerarta. Shuɗi. Ta sunkuya ta dubi cinyarta. Kore. Ta taɓa na baya, shuɗin ya dawo. Ta sake taɓa wancan, ya tafi. Ta yi ta yi, gaba da baya. Juwairiyya ji take kamar ta yi ihu ta yi bayani, amma ta ga Radiyya ta sunkuyar da kai tana goge gilashin kyamara da gefen mayafi kamar ba ta wurin, sai ta cije leɓe.

"'Yar nan," in ji Inna Hansai can ƙasa-ƙasa, "a waya ma akwai wannan?"

"Akwai, Inna."

Tsohuwar ta juyo a hankali ta dubi Juwairiyya.

"Ni na danna, Inna," in ji Juwairiyya, hawaye na zubo mata. "Wallahi ban san ya canza ba."

"Ke dama tun kina rarrafe hannunki ba ya zama wuri ɗaya."

Ba ta yi dariya ba, amma muryar ta sauka. Radiyya ta ga ƙofa ta buɗe, ta sa hannu a hankali ta jawo hoton 'yan Lajawa ta jera shi kusa da na masu shuɗi. Ta buɗe wasu layuka masu ɗan maɓalli a tsakiya, ta shiga ja, wannan dama kaɗan, wancan hagu kaɗan. Ta janye rawayar daga fuskoki har kowa ta dawo da fatar da Allah ya ba ta. Ta kama shuɗin shi kaɗai ta yi ta matsar da shi, tana duban zanen jikin Inna Hansai tana duban hoton, har koren nan biyu suka zama ɗaya, ko mai atamfar ba zai raba su ba. Sannan ta juya aikin, 'yan Lajawa suka koma shuɗi, ganyen darbejiyar da ke kansu bai ko motsa daga korensa ba. Hannunta ba ya rawa, ba ya gaggawa. Juwairiyya ta taɓa ganin masu aiki da yawa, amma ba ta taɓa ganin wadda aiki ke yi wa biyayya haka ba.

"Duk wanda kika ce, Inna. Ko su dawo kore, ko ku koma shuɗi, ko a bar kowa da nasa. In na ajiye shi sau ɗaya, duk hotunan bikin za su bi."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar. Matan Lajawa suka shiga gyara ɗauri suna laluben takalma, suna satar kallon Inna Hansai. Ita kuwa ba hotunan take kallo ba yanzu. Gwaggo Turai take hange, wadda har yanzu ba ta ɗaga kai daga tagumin ba.

"'Yar nan, wannan abin naki," ta ce, "yana iya mayar da maganar da na yi ɗazu?"

"A'a, Inna. Wannan sai ke."

Inna Hansai ta jira ladan ya kai ƙarshe. Sannan ta ɗauki kwamfutar da hannu biyu ta miƙa wa Radiyya.

"Riƙe min. Zan dawo in zaɓa."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ba ta bi ta bayan ɗakuna ba, ba ta aika a kira mata Turai gefe ba. Ta tsakiyar gida ta ratsa, ita kaɗai koriya a cikin shuɗi, mata suna janye ƙafa suna ba ta hanya. A gaban jama'a ta yi maganar, a gaban jama'a ta je ta tsaya. Ta kama hannun Gwaggo Turai da nata biyu.

"Turai, na ɗora miki abin da ba ki yi ba. Na yi miki laifi, kowa ya ji, to kowa ya ji wannan ma. Ki yafe min."

Gwaggo Turai ta fashe da kuka ta rungume ta, tana cewa ita ma bakinta ne, bakinta ne ba ya jin magana. Ƙaunar Inna Hansai ta cika Juwairiyya har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta juyo da sauri ta ce wa Radiyya ta ɗauka mana, ai wannan shi ne hoton bikin.

Radiyya ta girgiza kai. Kyamarar na rataye a wuyanta, ta ɗora tafin hannu ta rufe gilashin.

"Wannan nasu ne, Anti."

Inna Hansai ta share ido da bakin zanenta ta juyo.

"Ku buɗe kwanukan nan ku ci, waina ba ta jiran mutum. Ke kuma sarkin danne-danne, je ki ce wa 'yata ta wanke fuska a sake mata kwalliya. Ba zan kai wa mutane amarya da kumburarrun idanu ba."